Fangas ɗin endofayit na saiwoyin tsirran magani

Fangas ɗin endofayit na saiwa ƙananan halittu ne 'yan dangin funfuna da yisti da naman kaza, waɗanda ke zaune a cikin saiwar tsiro mai rai ba tare da sun jawo masa wata cuta da ake iya gani ba. Ana samun su a saiwoyin ciyayi da na itatuwa, ciki har da tsirran da ake haɗa maganin gargajiya da su. Da yawa daga cikinsu na samar da sinadaran da ke kashe bakteriya da wasu nau'o'in fangas, ko su hana su hayayyafa. Wannan ne ya sa tun daga shekarun 1990 masu binciken magunguna suka mai da hankali a kansu, musamman yanzu da ƙwayoyin cuta ke ƙara bijire wa magungunan da aka saba amfani da su.

An tabbatar a ɗakunan gwaje-gwaje cewa waɗannan halittu na iya yaƙar ƙwayoyin cuta. Sai dai akwai tazara mai nisa tsakanin sinadarin da ya hana bakteriya girma a farantin gwaji da maganin da likita zai rubuta wa majinyaci. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin sinadaran da aka gano suka kai wannan matsayi.

## Asalin suna

Kalmar endofayit ta samo asali ne daga kalmomi biyu na harshen Girka: *endon*, wato "ciki", da *phyton*, wato "tsiro". Ma'anarta kai tsaye ita ce "na cikin tsiro". Ana danganta shigowarta cikin kimiyya da Anton de Bary, masanin tsirrai ɗan ƙasar Jamus, a shekarar 1866. A wancan lokacin kalmar ta haɗa duk wata halitta da ke cikin tsiro, har da masu jawo cuta. A 1991 Orlando Petrini ya taƙaita ma'anar zuwa halittun da ke iya zama a cikin sassan tsiro, a wani mataki na rayuwarsu, ba tare da sun yi masa lahani a bayyane ba. Wannan ma'anar ce aka fi aiki da ita a yau.

Hausa na da sunayen 'yan wannan dangi da ido ke gani, kamar naman kaza da ke fitowa da damina, da funfunar da ke kama burodi ko goron da ya jiƙe. Idan ana nufin dangin baki ɗaya, sai a yi amfani da kalmar aro, wato fangas.

Endofayit ba sunan wani jinsi guda ba ne, suna ne na yanayin zama. Fangas ɗaya na iya zama lami lafiya a cikin wani tsiro, ya zama cuta a cikin wani, ko ya juya wa mai masaukinsa baya idan tsiron ya tsufa ko fari ya galabaitar da shi.

## Tarihin bincike

Zaman fangas a cikin tsirrai ya daɗe ƙwarai. A wasu duwatsu da ke Rhynie a ƙasar Sikotilan an samu burbushin tsirran da suka rayu kimanin shekara miliyan 400 da suka wuce, kuma akwai zaren fangas a cikin jikinsu. A 1898 masana a Turai suka ba da rahoton wani fangas a cikin irin ciyawar *Lolium temulentum*, wadda aka daɗe da sanin tana da guba. A farkon shekarun 1920 Elias Melin, ɗan ƙasar Suwidin, ya bayyana wani fangas mai baƙin zare da ya gani a saiwoyin itatuwan daji.

An daɗe ba a ɗauki lamarin da muhimmanci ba, sai da ya taɓa dukiya. A Amurka, shanun da ke kiwo a wata doguwar ciyawa da ake kira feskiyu sun riƙa ramewa, jikinsu yana zafi, wasu har ƙafafunsu su lalace. A 1977 Charles Bacon da abokan aikinsa a jihar Jojiya suka nuna cewa matsalar na da alaƙa da wani fangas na jinsin *Epichloë* da ke ɓoye a cikin ciyawar. Daga nan aka fahimci cewa halittar da ba a gani na iya samar da sinadari mai ƙarfi daga cikin tsiro.

Abin da ya ja hankalin masu neman magunguna ya faru ne a 1993, lokacin da Andrea Stierle da Gary Strobel da Donald Stierle, a jihar Montana ta Amurka, suka wallafa cewa fangas ɗin *Taxomyces andreanae*, wanda suka fitar daga itacen *Taxus brevifolia*, yana samar da taksol, maganin kansar da ake tatsa daga ɓawon itacen. Bayan wannan rahoto ne bincike a kan endofayit ya bazu a ƙasashe da dama, musamman Sin da Indiya da Barazil da Jamus.

## Rabe-rabe

A 2009 Rusty Rodriguez da abokan aikinsa suka kasa fangas ɗin endofayit gida huɗu:

- Rukuni na ɗaya: masu zama a ganye da karan wasu ciyayi, waɗanda ke bin iri daga uwa zuwa sabon tsiro. *Epichloë* na cikin wannan rukuni.
- Rukuni na biyu: masu iya mamaye saiwa da kara da ganye gaba ɗaya.
- Rukuni na uku: masu zama a sassan da ke saman ƙasa kawai, kamar ganyen itatuwa. Su ne suka fi yawan nau'o'i.
- Rukuni na huɗu: masu zama a saiwa kaɗai. Zarensu baƙi ne ko ruwan ƙasa saboda sinadarin melanin, kuma a gaɓa-gaɓa yake. Wani nazari na 1998 ya lissafa kusan nau'in tsirrai 600 da aka same su a ciki. Wanda aka fi yin bincike a kansa shi ne *Phialocephala fortinii*.

Rukuni na biyu da na huɗu ne ake samu a saiwa. Jinsunan da aka fi yawan fitarwa daga saiwoyin tsirran magani sun haɗa da *Fusarium* da *Aspergillus* da *Penicillium* da *Trichoderma* da *Chaetomium* da *Alternaria*.

Ana bambanta su da maikoraiza, wato wani fangas ɗin saiwa da ke gina sassa na musamman domin musayar abinci da tsiro, yana ba shi fosforas yana karɓar sukari. Nau'in maikoraizar da ya fi yawa ba ya rayuwa sai a jikin saiwa mai rai. Yawancin endofayit ɗin da ake bincike a kansu kuwa ana iya rainon su su kaɗai a faranti, kuma wannan ne ya sa suka dace da aikin neman magani.

## Dalilin samar da sinadarai

Saiwa na tsiyayar da sukari da wasu sinadarai zuwa cikin ƙasar da ke kewaye da ita. Saboda wannan abinci, wurin kan cika da bakteriya da fangas da ƙananan tsutsotsi, kowa na neman rabonsa. Fangas ɗin da ya samu shiga cikin saiwa ya samu mafaka da abinci, amma dole ya kare gurbinsa daga masu neman shigowa, kuma ya jure wa sinadaran kariya na tsiron kansa. Makaminsa shi ne sinadaran da yake fitarwa. Waɗannan sinadarai ba su ne ke gina jikinsa ba, aikinsu gasa ne da kariya da aika saƙo.

Barbara Schulz da abokan aikinta a Braunschweig ta Jamus sun bayyana wannan zama a matsayin adawar da ƙarfi ya zo ɗaya: fangas na da abin cutarwa, tsiro na da abin kariya, kuma muddin babu wanda ya rinjayi wani, ba a ganin cuta. A wani rahoto na 2002 sun nuna cewa kashi 51 cikin 100 na sinadarai masu aiki da suka fitar daga endofayit sababbi ne ga kimiyya, alhali a fangas ɗin ƙasa kashi 38 ne.

Sau da yawa zaman kan koma na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. *Serendipita indica*, wanda aka gano a hamadar Thar ta Indiya aka kuma bayyana a 1998 da sunan *Piriformospora indica*, yana ƙara wa tsirrai da dama girma da juriyar gishiri da cututtukan saiwa. A gandun Yellowstone na Amurka akwai wata ciyawa da ke jure zafin ƙasa har digiri 65 a ma'aunin Selshiyos idan tana ɗauke da fangas ɗin *Curvularia protuberata*, amma idan aka raba su babu wanda ke jure irin wannan zafi.

## Buƙatar sababbin magunguna

Fangas ya daɗe yana ba ɗan'adam magani. Fenisilin ya fito ne daga funfunar *Penicillium* da Alexander Fleming ya lura da ita a Landan a 1928. Dangin sefalosforin sun faro daga wani fangas da Giuseppe Brotzu ya samu a ruwan teku kusa da bakin magudanar ƙazanta a tsibirin Sardiniya ta Italiya a 1945. Giriseyofulbin, maganin makero, shi ma daga *Penicillium* yake.

Yawan amfani da waɗannan magunguna, da shan su ba bisa ƙa'ida ba, da ba dabbobi su barkatai, sun sa ƙwayoyin cuta da dama sun daina jin su. Wani babban nazari da mujallar *The Lancet* ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye sakamakon bakteriya masu bijire wa magani, kuma matsalar na da hannu a mutuwar mutum miliyan 4.95. Yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a, inda aka samu mutum 27.3 a cikin kowane 100,000.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin dangogin bakteriya 12 da aka fi buƙatar sababbin magungunansu, sannan a 2022 ta fitar da jerin fangas 19 masu barazana ga lafiya, ciki har da *Candida auris* da *Cryptococcus neoformans*. Ana ƙiyasta cewa nau'o'in fangas a duniya sun kai miliyan 2.2 zuwa 3.8, amma waɗanda aka yi wa suna kimanin 150,000 ne. Don haka ake kallon cikin tsirrai a matsayin wurin da ba a gama tonawa ba.

## Yadda ake gudanar da binciken

Zaɓen tsiro. Gary Strobel da Bryn Daisy sun ba da shawara a 2003 cewa a fi mai da hankali a kan tsirran da jama'a suka daɗe suna magani da su, da masu rayuwa a wurare masu tsanani, da waɗanda ba a samu sai a yanki guda, da na wuraren da halittu suka yawaita. Akan haƙo saiwa mai lafiya a kai ta ɗakin gwaji da wuri.

Wanke bayan saiwa. Wannan ne mataki mafi muhimmanci, domin bayan saiwa cike yake da halittun ƙasa. Akan wanke ta da ruwa, a tsoma ta a etanol mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 na kimanin minti ɗaya, sannan a ruwan bilic na 'yan mintoci, a ɗauraye ta sau da yawa da ruwan da aka kashe ƙwayoyin cikinsa. Domin tabbatarwa, sai a danna saiwar a kan wani faranti na daban, ko a zuba masa ruwan ɗaurayar ƙarshe. Idan wani abu ya tsiro a wannan faranti, wankin bai yi ba, kuma ba za a ce abin da aka samu daga ciki ya fito ba.

Raino. Akan yayyanka saiwar ƙanana a jera a kan abincin da aka haɗa da ruwan dankalin turawa da sukarin gulukos da aga, wani sinadarin ciyawar teku mai daskarar da ruwa. Ana ƙara maganin bakteriya kamar kuloramfenikol domin fangas kaɗai ya tsiro. A zafin digiri 25 zuwa 28, cikin 'yan kwanaki ko makonni, zare zai fara fitowa daga bakin yankan. Sai a ɗebi kowane iri a mai da shi farantinsa.

Tantancewa. Ana duba kamanninsa da launinsa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Da yake da yawa ba sa fitar da ƙwayoyin haihuwar da ake gane su da su, sai a karanta wani yanki na DNA da ake kira ITS, wanda masana suka amince da shi a 2012 a matsayin babbar alamar tantance fangas.

Tatsar sinadarai. Ana rainon fangas ɗin a cikin ruwan abinci ko a kan dafaffiyar shinkafa na mako biyu zuwa huɗu, sannan a jiƙa shi da wani ruwan sinadari mai narkarwa, galibi etil asitet. Idan ruwan ya ƙafe, abin da ya rage shi ne ɗanyen tatacce, wanda ya ƙunshi sinadarai masu yawa a cakuɗe.

Gwaji a kan ƙwayoyin cuta. Akan shafa bakteriya a faranti, a huda ƙananan ramuka, a ɗiga tataccen a ciki. Washegari, idan yana da ƙarfi, za a ga da'ira fes a kewayen ramin inda bakteriyar ta kasa girma, a auna faɗinta da milimita. Waɗanda aka fi gwadawa su ne *Staphylococcus aureus* mai jawo maruru da ruɓewar rauni, da *Escherichia coli* mai jawo ciwon mafitsara da gudawa, da *Pseudomonas aeruginosa* mai kama ƙuna, da yistin *Candida albicans*. Faɗin da'ira ba ya nuna ƙarfi daidai, domin ya danganta da yadda sinadarin ke ratsa aga. Ma'aunin da aka fi yarda da shi shi ne mafi ƙarancin adadin da ke hana ƙwayar cuta girma. A 2005 José Luis Ríos da María del Carmen Recio na ƙasar Sifen suka ba da shawarar cewa sakamako ya cancanci a bi shi idan ɗanyen tatacce ya yi aiki a ƙasa da maikurogiram 100 a kowace mililita, tsantsar sinadari kuma a ƙasa da 10.

Tacewa. Daga nan sai a rarrabe tataccen har a ware sinadarin da ke aikin, a gano tsarinsa, a gwada ko yana cutar da ƙwayoyin jikin mutum, kafin a kai ga gwaji a kan dabbobi.

## Misalai

### Darbejiya

Darbejiya ko dogon yaro, wato *Azadirachta indica*, asalinta daga yankin Indiya take, kuma an kawo ta Afirka ta Yamma a farkon ƙarni na 20. A 2009 Ravindra Kharwar na Jami'ar Banaras Hindu da ke Varanasi, tare da Strobel da wasu, suka wallafa cewa wani fangas na jinsin *Chloridium* da suka fitar daga saiwarta yana samar da jabanisin. Sinadarin ya hana bakteriyar *Pseudomonas* girma a maikurogiram 2 kacal a kowace mililita. Sakamakon ya ja hankali saboda *Pseudomonas aeruginosa* na cikin masu wuyar magani a asibitoci. Sai dai jabanisin ba sabo ba ne, tun shekarun 1940 aka san shi daga *Fusarium javanicum*, inda ya samo sunansa.

### Aristolochia ta Maroko

Ƙungiyar Peter Proksch a Jami'ar Heinrich Heine da ke Düsseldorf ta yi aiki da *Fusarium tricinctum* da aka fitar daga tushen ƙarƙashin ƙasa na *Aristolochia paucinervis*, wani tsiron magani na ƙasar Maroko. A 2013 suka nuna cewa idan aka raini fangas ɗin tare da bakteriyar *Bacillus subtilis* a kan shinkafa, wasu sinadaransa kan ninka har sau 78, kuma wasu da ba ya yi idan yana shi kaɗai sukan bayyana. Ɗaya daga cikinsu, laterofairon, ya yi aiki a kan *Staphylococcus aureus* da *Streptococcus pneumoniae* da wasu a tsakanin maikurogiram 2 zuwa 8. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa fangas na sakin makamansa ne idan ya ji abokin gaba a kusa.

### Doyar magani ta Sin

Daga tushen *Dioscorea zingiberensis*, wata 'yar dangin doya da ake magani da ita a ƙasar Sin, an fitar da *Fusarium redolens* mai samar da bobarisin, wanda ke kashe bakteriya iri-iri. Bobarisin na huda fatar ƙwayar halitta, kuma ba ya bambanta ta bakteriya da ta dabba sosai, shi ya sa ake lissafa shi cikin gubar fangas.

### Daga wasu sassan tsiro

Wasu fitattun misalai ba daga saiwa suka fito ba. Kiriptokandin, mai yaƙar *Candida* da fangas ɗin fata, an same shi a 1999 daga endofayit ɗin *Tripterygium wilfordii*, wani tsiron maganin Sinawa. *Muscodor albus*, wanda aka samu a reshen itacen kirfa a ƙasar Honduras aka bayyana a 2001, yana fitar da iska mai kashe fangas da bakteriya ba tare da ya taɓa su ba.

Misalin da ya kai ga asibiti shi ne enfumafunjin. An bayyana shi a shekarar 2000 daga wani fangas na jinsin *Hormonema* da ke cikin ganyen *Juniperus communis* a kusa da Madrid ta Sifen. Yana hana fangas gina bangon ƙwayar halittarsa. Masana sun yi shekaru suna gyara tsarinsa domin a iya haɗiyarsa, har aka samar da ibreksafunjaf, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Yunin 2021 da sunan Brexafemme, domin maganin cutar *Candida* a al'aurar mata. Tsakanin bayyana sinadarin da amincewa da maganin, shekara 21 ce.

## Muhawara kan mai yin maganin

Wani ra'ayi da ya yaɗu shi ne cewa fangas ɗin da ke cikin tsiron magani yana yin irin maganin tsiron. Akwai rahotannin da suka goyi bayan haka. A 2006 an ba da rahoton cewa *Phialocephala fortinii* daga tushen *Podophyllum peltatum* na samar da fodofilotoksin, wanda ake haɗa wasu magungunan kansa da shi. A 2012 kuma aka ruwaito azadiraktin, sinadarin darbejiya mai korar ƙwari, daga *Eupenicillium parvum*.

Amma akwai masu ja. Taksol ɗin da aka ruwaito a 1993 bai wuce nanogiram 50 a kowace lita ba. A 2013 Uwe Heinig da Susanne Scholz da Stefan Jennewein a Jamus suka binciki ƙwayoyin gadon *Taxomyces andreanae*, ba su kuma samu waɗanda suka yi daidai da na haɗa taksol a itacen ba. Suka ce mai yiwuwa ragowar na itacen ne ya maƙale a jikin fangas ɗin. Haka kuma, wani *Fusarium solani* da aka ruwaito yana yin kamtotesin, wani sinadarin kansa, ya riƙa rage yawan abin da yake fitarwa duk lokacin da aka sauya masa faranti.

Yawancin sinadaran kashe ƙwayoyin cuta da ake samu daga endofayit na fangas ɗin ne kansa, ba kwafin na tsiro ba. Saboda haka sunan da tsiro ya yi a maganin gargajiya jagora ne wajen zaɓen inda za a duba, ba tabbaci ba ne na abin da za a samu.

## Matsaloli

- Sake gano tsohon abu. Sau da yawa bayan aikin watanni sai a tarar sinadarin sananne ne. An samu giriseyofulbin, alal misali, daga wani endofayit na jinsin *Xylaria* a Koriya, shekaru da dama bayan an fara sayar da shi.
- Ƙarancin abin da ake samu. Ƙwayoyin gado da yawa masu haɗa sinadarai kan yi shiru a ɗakin gwaji. Ana tayar da su ta hanyar sauya abinci da zafi da iska, ko haɗa fangas da bakteriya a mazubi ɗaya.
- Guba. Wasu jinsunan da ake samu a saiwa sun shahara da guba. *Aspergillus flavus* ne ke yin afilatoksin a gyaɗa da masara, *Fusarium verticillioides* kuma, wanda ke zama endofayit a masara, shi ke yin fumonisin.
- Bakteriya masu fata biyu. Tataccen endofayit ya fi tasiri a kan bakteriya masu riƙe rinin Gram, kamar *Staphylococcus*. Marasa riƙe shi, irin su *Escherichia coli* da *Klebsiella* da *Acinetobacter*, suna da ƙarin fata a waje mai hana sinadarai shiga, kuma su ne suka mamaye sahun farko na jerin 2017.
- Tsayawa a rabin hanya. Rahotanni da yawa kan ƙare a auna da'ira da ɗanyen tatacce, saboda na'urorin gano tsarin sinadari na da tsada.
- Waɗanda ba sa tsirowa. Karanta DNA kai tsaye daga saiwa ya nuna cewa akwai fangas da yawa da ba sa fitowa a faranti ko kaɗan.

## A Afirka ta Yamma

Saiwa na da babban matsayi a maganin gargajiya na yankin. A ƙasar Hausa ana amfani da saiwar sanya, wato *Securidaca longipedunculata*, wadda ake wa laƙabi da uwar magunguna, da ta tafashiya, wato *Nauclea latifolia*. Tsinkar ganye ba ta kashe itace, amma haƙar saiwa na iya kashe shi, kuma inda aka matsa wa wani nau'i yakan yi ƙaranci. Binciken endofayit na buƙatar guntun saiwa ne kawai. Idan aka samu fangas mai amfani, ana iya adana shi a ci gaba da rainonsa ba tare da an koma daji ba. Idan kuwa tsiro ya ɓace, yana iya tafiya da fangas ɗin da ba a samu sai a jikinsa.

Jami'o'i a Nijeriya da Kamaru da Gana na gudanar da irin wannan bincike. Masu bincike a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka sun wallafa ayyuka da dama tare da takwarorinsu na Düsseldorf a kan endofayit ɗin tsirran maganin Nijeriya. Irin wannan haɗin gwiwa ya shafi Yarjejeniyar Nagoya, wadda aka amince da ita a 2010 ta fara aiki a 2014. Ta tanadi cewa a nemi izinin ƙasar da aka ɗebo halitta daga cikinta, kuma a raba amfanin da aka samu da ita da al'ummar da iliminta ya nuna hanya.

Samun fangas mai kashe bakteriya a cikin wata saiwa ba ya nufin jiƙon saiwar zai warkar da cutar da bakteriyar ke jawowa. Abin da fangas ɗin ke fitarwa a cikin tsiro kaɗan ne, kuma wasu saiwoyin, ciki har da ta sanya, na da guba idan aka sha da yawa.

## Duba kuma

- Fangas
- Maikoraiza
- Fenisilin
- Bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani
- Maganin gargajiya
- Darbejiya